Injektan taki na Venturi: yana aiki, amma fa yana cin firesha

Masu noman rani da suka koma ban-ruwan ɗigo, musamman masu tumatir da tattasai da attaruhu, ga abin da na gani game da wannan ɗan bututun robar da ake kira Venturi, wanda ake ɗaurawa a jikin fayif ya riƙa zuƙo narkakken taki yana haɗa shi da ruwan da ke tafiya gindin shuka. Na yi amfani da shi a noman ranin da ya wuce. A taƙaice abin yana aiki kuma kuɗinsa ko kusa da na buhun yuriya bai kai ba, amma ba kowa zai yi wa amfani ba, kuma masu sayarwa ba sa faɗa maka hakan.

Nawa mai inci ɗaya ne, baƙar roba, babu sunan kamfani a jiki sai wata kibiya da ke nuna inda ruwa zai bi. A cikin ledar akwai siririn tiyo mai 'yar rariya a ƙarshe da ɗan bawul na rage zuƙa, shi ke nan, ko takardar bayani babu. Ba batir ba waya ba wani abu mai juyawa a ciki, in ka ɗaga shi ka leƙa ta rana za ka ga ramin ya tsuke da sauri ya zama ɗan maƙogwaro, daga nan kuma ya riƙa buɗewa a hankali har ƙarshe, a daidai maƙogwaron akwai 'yar huda ta gefe inda tiyon taki yake shiga.

Filamban da ya zo ɗaurawa sai da muka yi musu da shi. Ya juya abin ya juya ya ce, "Maigida, wannan ai ruwa zai feso ta gefe ya cika maka duro, inda bututu ya matse ai nan firesha take taruwa." Kuma wallahi yawancin mutane haka suke ɗauka, saboda kowa ya san in ka danne bakin tiyo da yatsa ruwan zai yi tsalle ya je nesa. To amma abin da ya ƙaru a wurin gudu ne ba matsi ba. Ruwa ba ya matsuwa, duk litar da ta shiga ta faffaɗan wuri dole ita ce za ta wuce ta maƙogwaron a lokaci guda, don haka dole ya ƙara sauri. Kuma ruwa abu ne mai nauyi, ba ya ƙara sauri haka kawai sai an tura shi, abin da ke tura shi kuwa shi ne matsin da ke bayansa ya fi na gabansa, ke nan a maƙogwaron nan matsin ya fi ko'ina faɗuwa. Wani Bature ɗan Siwizalan mai suna Daniel Bernoulli ya rubuta lissafin tun 1738, shi kuma Giovanni Battista Venturi ɗan Italiya, wanda abin ya ci sunansa, ya wallafa gwaje-gwajensa a kan irin waɗannan bututai a 1797. Duk mai janareta ko injin ban-ruwa ma yana da irinsa a gida bai sani ba, da wannan dabarar kafireta take jawo fetur cikin iska.

Ƙanena da ya yi karatun injiniya shi ya zauna ya buga min lissafin a bayan kwali, kuma ya kamata duk mai son saye ya ji shi. Ya ce, "Yaya, ɗauka faɗin maƙogwaron kashi ɗaya cikin uku ne na faɗin bututun, to filin da ruwa zai bi ya ragu sau 9, gudun ya ninku sau 9." Ruwan da ke tafiya mita 2 a daƙiƙa ya koma mita 18, matsin kuma ya sauka da kusan ba 1.6 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin firesha). To idan gejinka, wato agogon awon firesha, yana nuna ba 1.5 a mashiga, a maƙogwaron an gangara ƙasa da matsin iskar waje, sai iskar da ke danne saman ruwan duro ta turo takin sama ta cikin tiyon. Ashe ma ba zuƙa yake ba, turo masa ake yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Bayan maƙogwaron ruwa yana rage gudu matsin yana dawowa, shi ya sa aka yi ɓangaren fita dogo mai buɗewa sannu a hankali don kada ruwan ya hargitse, amma duk da haka ba ya dawowa duka. Kafin nawa ya fara jan taki sosai sai gejin fita ya yi ƙasa da na shiga da wajen kashi ɗaya cikin uku, wani lokacin ma fiye. Wannan fireshar da ta tafi kuwa layukan ɗigo ne suka rasa ta, kuma na gani da idona, duk lokacin da ake ba da taki layukan da ke can ƙarshen gona sai su yi laushi, ɗigon ya ragu, na kusa da inji suna sha suna ƙoshi na nesa suna lasa. Sai da na raba gonar gida biyu nake ba kowane ɓangare daban sannan abin ya daidaita.

Saboda haka in tankin sama kake amfani da shi, irin wanda ake ɗorawa a kan ƙarfe mita 2 ko 3, ka riƙe kuɗinka. Tsayin ruwa mita 10 ne yake ba da kusan ba 1, naka bai wuce 0.3 ba, me za a cire a ciki me zai rage wa shuka? Mai famfon sola kai tsaye shi ma sai ya yi hattara, da hantsi zuwa azahar zai ja lafiya, da zarar rana ta yi sanyi ko hazon hunturu ya rufe sai ka ga takin ya tsaya cak a tiyo. Ni da injin fetur nake tura ruwa shi ya sa na ji daɗinsa.

Ɗaurawar kuma kada a sa shi a tsakiyar babban fayif, a yi masa 'yar hanya ta gefe da bawul a babban layin, in za ka ba da taki sai ka riƙa rufe bawul ɗin kaɗan kaɗan har ka ji wata ƙara kamar tsss ka ga ruwan takin ya fara hawa. A sa geji biyu, gaba da baya, in ba haka ba lalube kawai kake yi cikin duhu. Filtar tace ruwa kuma ta zo bayansa ba gabansa kaɗai ba. Kibiyar nan a kula da ita, in aka juya shi baibai ba zai ja yadda ya kamata ba.

Abin da ya ba ni haushi shi ne ingancin kayan. Siririn tiyon da ya zo da shi rana ta busar da shi ya tsattsage kafin a gama kaka, sai da na canza. Ɗan ƙwallon da ke hana ruwa komawa baya shi ma yana maƙalewa in yashi ya shiga, ranar da ya maƙale ana kashe inji ruwa ya gangaro ya cika duron ya tsinke takin. Zaren bakinsa kuma roba ce mai taushi, in ka ɗaure da ƙarfi da sifana ya tafi, da hannu da tef ɗin filamba ya wadatar.

Batun taki, yuriya tana narkewa tas, har za ka ji duron ya yi sanyi in tana narkewa, ita ba ta ba ni matsala ba. Kamfa 15-15-15 na buhu kuwa kada ma ka fara, yana barin laka a ƙasa ya toshe rariya ya toshe ramukan ɗigo, sai dai ka nemi irin wanda aka yi musamman don narkawa a ruwa. Kuma kada a haɗa takin kalsiyam da mai fosfet ko salfet a duro ɗaya, wani farin gari suke yi ya kwanta. In an gama a bar ruwa zalla ya ɗan gudana ya wanke layuka.

Wajen sauƙin aiki dai ba magana, yaran da ke bin kunya kunya da kwano suna zuba taki sun huta, kuma takin yana sauka daidai saiwa maimakon a watsa rabi rana ta cinye. Zan sake saye, amma wannan karon zan nemi wanda ya zo da takardar da ke nuna yawan ruwa da fireshar da yake buƙata, kuma ƙarami zan ɗauka, mai inci uku bisa huɗu, don da alama na inci ɗayan ya ɗan fi ƙarfin ruwan da injina ke turawa.