Kundin dodanni: katin takarda ko Google Sheets?

'Yan wasan Dungeons & Dragons (wasan da mutum ɗaya ke jan labari, sauran 'yan wasa kuma jarumansu na faɗa da dodanni) sun sha tambayata inda ya fi dacewa su tara bayanan dodannin labarinsu.

Kati yana da daɗin sha'ani. Kowane dodo da nasa: suna a sama, ƙarfinsa a tsakiya, lagonsa a baya. Ana tsaka da faɗa, mai jan labari ya zaro shi ya ajiye a tebur, ba wanda ya sunkuya kan waya. Wannan na da muhimmanci a wurina, don da zarar waya ta fito, hankali ya rabu. Sai dai kwafi ɗaya ne. Ranar da mai akwatin katunan bai zo ba, wasa ya tsaya cik.

Sheets kuwa, wato manhajar Google ta jera bayanai a layuka ta intanet, kyauta ne, kowa na gyarawa daga gida, kuma layin da aka goge ana dawo da shi daga tarihin gyare-gyare. Matsalarsa sirri: mai izinin gyara na iya buɗe shafin da aka ɓoye, dole mai jan labari ya ware nasa fayil.

Masu haɗuwa a tebur ɗaya da dodanni kaɗan, kati ya ishe su. Masu dogon labari ko masu wasa ta intanet, Sheets ya fi musu.