Gasar golf ɗinmu ta bana, da abin da ya sami madaurin jakata

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida a Garwa.

Ka tambaye ni labarin hoton da na turo ta WhatsApp, ina riƙe da sanda a kan ciyawa. Gasar golf ce da muke yi duk watan Satumba, mu abokan aiki goma sha biyu, a wani ƙaramin kulob mai rami 9 a bayan birnin Faris. Ba ta kuɗi ba ce. Kofi ɗaya ne yake zagayawa, wanda ya ci ya ajiye shi a ɗakinsa sai baɗi. Bana na zo na biyar, wani dattijo ɗan Maroko ne ya ɗauke kofin.

A gida ana ɗaukar golf wasan manya ne, na ministoci da jakadu a Yawunde. Nan ma akwai filayen manya, irin su Golf National inda aka yi gasar Ryder ta Turai da Amurka a 2018 da ta Olamfik a 2024, amma akwai ƙanana da direba da mai gadi suke shiga. Abin da ya sa gasar tamu take daɗi shi ne rangwamen bugu: mai ƙarancin bugu ne ke ci, amma ana cire wa kowa wani adadi daga bugunsa gwargwadon iyawarsa; sabon shiga yana farawa da 54, hannunsa na faɗawa ana rage masa, don haka tsoho da saurayi suna iya karawa babu zalunci.

Kaya kam suna da araha, in ka auna da albashi. Dokar wasan ba ta yarda a ɗauki sanda fiye da 14 ba, ni bakwai gare ni, gwanjo ne, na same su a Leboncoin, shafin intanet na sayar da gwanjo, wajen wata dattijuwa da mijinta ya rasu. Da su da jakarsu yuro 80. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ka ga sefa dubu 52 da ɗoriya ke nan. A Garwa kuɗi ne masu nauyi, a nan ba su kai ladan kwana biyu ba. Hatta ƙwallayen da suka faɗa tafki tsamo su ake yi, a wanke, a sayar a raga da rangwame.

Hannun ɗan Adam ne ke da tsada. Saura kwana uku gasa madaurin jakar ya tsinke. Na kai wa mai gyaran takalman unguwarmu, ya juya shi, ya ce yuro 25, kuma sai bayan kwana goma. Ya ƙara da cewa in shi ne, sabuwa zai saya. Ban ga laifinsa ba, haya da haraji suna kansa. Amma wallahi Yaya, a tsaye nake a shagon nan zuciyata tana babbar kasuwa, wajen badukun nan da ke zama a inuwar darbejiya da basilla a hannu, wanda zai ɗinke shi a sefa 300 kafin ka shanye shayinka, ya tambaye ka jikin Inna, ya ce in ya sake ka dawo. Daren nan na zauna da babbar allura da zaren kamun kifi na ɗinke shi yadda Baffa ya koya mana ɗinkin buhun gyaɗa. Ya riƙe har ƙarshen wasa.

Haka filin ma yake. Babu yaron ɗaukar jaka, kai za ka tura 'yar amalankenka. Ta intanet kake neman lokaci, da kati kake biya, inji ne yake zubo maka ƙwallayen gwaji a bokiti. Sai dai zan yaba musu da cika alkawari. An rubuta mana tara da minti goma, tara da minti goma muka buga. Ruwan ban ciyawa da kansa yake tashi da dare ya tsaya, kuma a lokacin fari na 2022 da hukuma ta taƙaita ban ruwa, na ga fili ya bushe ya yi ja kamar bakin Binuwai a watan Maris, sai kewayen rami kaɗai aka bari kore. Wannan tsarin ina yi wa garinmu kwaɗayinsa.

Bayan wasa mun gasa naman halal. Yana da laushi, amma bai kama ƙafar tsiren gida ba, balle giwan ruwan Lagdo.

Ga saƙona. Don Allah ka je wajen badukun nan ya ɗinka mini hulunan kan sanda guda goma sha biyu, na jar fata, zan turo awo da kuɗin. Ina so baɗi kowa ya koma gida da aikin hannun Garwa. Kada ka taya, ka biya shi abin da ya faɗa. A haɗo da yaji, duk mai zuwa ya taho mini da su.

A gaida Inna da kyau. Ƙaninka.