Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja Ko Iliya: Wanne Za Ka Fara Saya Wa Gida?

Ka leƙa teburin mai sayar da littattafan Hausa, a Sabon Garin Kano ne ko a Zariya, za ka tarar sababbin labaran soyayya sun cika gaba. Amma can gefe akwai waɗansu tsofaffi da ba sa barin teburin: na aku mai ba da labari, na matafiyin da ya je neman ruwan magani, na jarumi da dokinsa. Waɗansunsu sun doshi shekara casa'in, har yau ana sake buga su ana saye. In kuɗin da ke hannunka na littafi ɗaya ne ko biyu, dole ka zaɓa, kuma zaɓin ya danganta da wanda za a saya wa, da kuma ko shi zai karanta da idonsa ko karanta masa za a yi.

Ni dai ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Gidan da ba shi da ko ɗaya, ya fara da Magana Jari Ce, littafi na farko. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939, kuma labaran da ke ciki sun haura tamanin. Abin da ya riƙe shi tsawon wannan zamani shi ne yadda aka ɗaure labaran da juna. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri kuwa ya shirya a sace yaron da zarar ya fito. Kowane dare Musa ya yi ɗamara zai bi abokinsa Mahmudu fagen fama, sai ya tsaya wurin aku don yin sallama. Aku ya jefo wata magana da za ta ja hankalinsa, Musa ya tambayi ma'anarta, shi ke nan labari ya ɓarke har gari ya waye. Yaron da ake karanta wa yana jin daɗin labarin daren, a lokaci guda kuma gabansa na faɗuwa ko gobe Musa zai kuɓuce wa aku. Wannan ne ke sa ya dawo da littafin da kansa washegari, ya ce, "Baba, a ci gaba."

Ga kuma amfanin da mai saye ya kamata ya duba: kowane labari yana tsaye da ƙafarsa. Bayan sallar isha'i ka karanta guda, ka rufe, ba wanda aka bari a rataye. Hausar ma ta kunne ce, cike da karin magana da kirari da ba'a, irin wadda sai an ɗaga murya ake jin zaƙinta sosai. Imam ya ɗebo labarai da yawa daga waje, daga Dare Dubu da Ɗaya, daga tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da waɗansu wurare, amma ya sa musu rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fada da kasuwa da zauren malam, har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu.

Kashi ukun ba ɗaya suke ba. Na biyu gasa ce tsakanin aku da wani akun mai suna Haziƙ, kowa na ƙoƙarin ƙure ɗan'uwansa da labari, kuma a ganina nan ne raha ta fi yawa. Na uku, aku ya riga ya zama waziri, yana koya wa ɗansa Fasih dabarun magana da zaman duniya. Labaransa sun fi tsawo, sun fi dacewa da ɗan sakandare da babba. Kada mai shago ya miƙo maka na uku don shi ya rage masa, kai kuwa ɗan firamare za ka kai wa. Gara ka haƙura ka nemi na farko a wani wurin.

Ruwan Bagaja shi ne zaɓin wanda zai karanta da kansa, musamman yaron da bai taɓa gama littafi daga bango zuwa bango ba. Siriri ne, a zama ɗaya ko biyu an kai ƙarshe, kuma wannan gamawar kanta tana ƙara wa yaro ƙwarin gwiwa. Imam ya rubuta shi yana saurayi, don gasar da Rupert East, Baturen hukumar fassara da talifi ta Zariya, ya shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Labari ne guda mai zare ɗaya: jarumin labarin, mai suna Alhaji Imam, ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya ratsa garuruwa da ƙasar aljannu, ko'ina ya sauka sai ya yi karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, su shiga yi wa juna ƙeta. Rabin daɗin littafin yana wurin Zurƙe. Sai dai uba ya sani, jaruman nan biyu ba waliyyai ba ne, akwai damfara da ƙarya da ramuwar gayya a tafiyarsu. Wannan bai hana ni ba wa ɗan shekara goma sha biyu ba, amma yana da kyau a zauna da shi a yi hira a kan abin da ya karanta.

In yaron naka mai son faɗa da dawaki ne, zaɓi yana tsakanin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Imam. Iliya ya fi sauƙin shiga. Yaro ne da ya tashi gurgu shekara da shekaru, Allah ya ba shi lafiya da ƙarfin da ya wuce misali, ya hau dokinsa Ƙwalele ya tafi yi wa Sarki Waldima na birnin Kib hidima. Asalin labarin na Rasha ne, na jaruminsu Iliya Muromets da Sarki Biladimir na Kiyef, aka mai da shi gida. Ganɗoki kuwa ƙafarsa ɗaya tana cikin tarihi, zamanin da Turawa suka ci ƙasar nan da yaƙi, ɗayar tana ƙasar aljannu inda shi da ɗansa Garba Gagare suke gwabzawa. Hausarsa ta fi nauyi, kirari ya yi yawa, sunayen kayan yaƙi ma sai an tambayi manya. Na fi ganin a fara da Iliya, Ganɗoki ya biyo baya.

Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, duk waɗannan sun yi musu tsawo. Nasu shi ne Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi na ɗaya zuwa na shida, inda Gizo da Ƙoƙi da Dodo suke, da 'yan waƙoƙin da uwa za ta rera yara su amsa.

Dare Dubu da Ɗaya fa? Shi ne kakan da yawa daga cikin waɗannan, fassararsa ta Hausa kuma tana da daɗi ƙwarai. Amma na manya ne. Akwai wuraren da aka faɗi zancen maza da mata ƙarara, don haka ba littafin da za a ajiye a falo yara su ɗauka ba ne.

Masu 'ya'ya a makarantun da Turanci ya fi ƙarfi sukan tambaya ko su sayi na Turawa kawai. Ba laifi a haɗa. Tatsuniyoyin Grimm, waɗanda suka fara fitowa a 1812, da na Hans Andersen ɗan ƙasar Denmak, suna nan iri biyu: cikakku, da waɗanda aka taƙaita wa yara da hotuna. Cikakkun na Grimm akwai yanka da azaba a ciki fiye da yadda mutane suke zato, saboda haka a duba bango a ga wanne ne. Amma kada su maye gurbin na gida. Yaron da ya san labari da Hausa tukuna, in ya gamu da ɗan'uwansa da Turanci, murnar gane shi kaɗai takan ja shi ya ƙarasa.

Saura maganar bugu, wadda nan ne kuɗi ya fi salwanta. Yawancin waɗannan littattafai kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC na Zariya, ne ke buga su, amma kasuwa cike take da na jabu. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin, ka bi lambobin shafi goma a jere, don na jabu yakan tsallake shafi ko ya maimaita. Ɗaga takarda ɗaya ka duba ko rubutun baya ya huda ya dame na gaba. Sa ido kan ƙ da ɗ da ɓ, ka ga ƙugiyarsu ta fito. Inda ta goge, yaro mai koyon karatu zai riƙa tuntuɓe. Duba zanen hotunan, in sun zama baƙin dunƙule to hoton hoto ne aka buga. Sannan ka ɗan buɗe shi sosai ka ga ko gam ɗin gindin zai saki takarda. Tsohon kwafi na asali da aka riƙe da kyau ya fi sabon jabu mai ƙyalli, ko da bangonsa ya koɗe. Ɗalibi mai shirin jarrabawa kuma ya lura, tsofaffin bugu sukan raba kalmomi irin "ya ke" da "su ke", saɓanin ƙa'idar rubutu ta yanzu, kada ya kwafa a takardar amsa.

Waɗanda ake turawa ta WhatsApp da na cikin manhajojin waya, da yawansu wani ne ya sake bugawa da hannu, ƙugiyoyi sun zube, layuka sun ɓace, marubuci da magadansa kuma ba su sami ko kwabo ba. Karatun murya da ake sawa a YouTube yana da amfani ga tsofaffi da masu doguwar tafiya a mota. Ga yaro kuwa, takarda nake so a sa masa a hannu, babba na gefe yana gyara masa inda ya ci tuntuɓe. In ka tashi saye, ka tafi da shi kasuwar, ka ce ya karanta maka rabin shafi a tsaye a gaban mai shago. In ya wuce ba gargada, ƙara masa Ruwan Bagaja ya zama nasa shi kaɗai. In yana tsayawa a kowane layi, Magana Jari Ce na farko ya isa tukuna, kai ne za ka riƙa karantawa.