Awarwaron azurfar Karen ko na Miao, wanne ya fi?

Hajiya ki ɗauki na Karen ki huta, ni duka biyun sun taɓa shiga hannuna. Karen wata ƙabila ce da ake samu a arewacin Tailan, Miao kuwa ƙabila ce a ƙasar Sin. Na Karen ɗin maigidana ne ya kawo min tsaraba daga Chiang Mai can arewacin Tailan, a layin maƙeran azurfa na Wualai ya saya, kan sikeli aka ɗora aka gaya mishi kuɗin giram. In kika kawo shi kusa da ido za ki ga sawun guduma, 'yan ganyaye da furanni ɗaya bayan ɗaya aka buga su da hannu, wani ya ɗan karkace wani ya fi zurfi, babu biyu da suka zo daidai. Azurfarsu ta fi 925 ɗin da muka saba (mai kashi 92.5 cikin ɗari na azurfa) tsabta, tana kai kashi 95 zuwa sama, shi ya sa take da laushi har nakan matse shi da yatsu ya zauna min daidai hannu. Illarsa kenan, yana lanƙwashewa, kar ki yi daka da shi. Ranar sunan ɗiyar ƙanwata kakarmu ta riƙe hannuna ta daɗe tana jujjuya shi, ta ce rabonta da jin nauyin azurfa irin wannan tun na aurenta, wallahi sai da na ji ƙwalla.

Na Miao kuwa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin na saya da kuɗina, ko sati biyu ban yi ba wuyan hannuna ya yi kore ga ƙaiƙayi, maƙeri ya goga ya ɗiga ruwan gwaji ya ce jan ƙarfe ne da nikel. Ba wai Miao ba su da ta gaske ba fa, can duwatsun lardin Guizhou na Sin wajen garuruwan Kaili da Leishan suna ƙera hular azurfa mai ƙaho kamar na ɓauna, iyaye na tara wa 'ya mace tun tana ƙarama kamar yadda muke tara kayan ɗaki, amma wannan ba ita ke yawo a kasuwa da araha ba.

Sai ki kula da masu tallan intanet, musamman masu cewa wai azurfar Tibet, da yawansu ko ɗigon azurfa babu a ciki. Kar tambarin 925 ya ruɗe ki, kowa na iya bugawa, kuma mayen ƙarfe ba ya kama haɗin jan ƙarfe da nikel ɗin balle ki ce kin gwada a gida. Sunan Karen ma ana liƙa wa na inji, in kin ga zanen ya fito sumul iri ɗaya sak ki ajiye. Ki tambayi giram nawa ne ki kwatanta da farashin azurfa na ranar, sannan ki ce sai maƙerinki ya gwada kafin ki cika kuɗi, wanda ya ƙi yarda ki bar mishi kayansa.