Na sake karanta Shaihu Umar, uwarsa ce ta tsaya mini a rai

Masu tambayata abin da za su karanta a wannan hutu, ga amsata: ku nemi Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗan ƙaramin littafi ne, wanda ya ɗauka bayan la'asar zai iya ajiye shi kafin a kira isha'i. Da yawanmu mun san shi a makaranta, inda ake haddace sunaye don jarrabawa. Karatun da na yi masa kwanan nan, ba malami a kaina kuma ba jarrabawa a gabana, shi ne ya nuna mini nauyin abin da ke ciki.

Ɓalewa ya rubuta shi yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, lokacin da ya fito daga Kwalejin Katsina ya kama koyarwa a Bauci. An haife shi a 1912, littafin kuma ya fito a 1934, bayan gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Gasar nan ce ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Waɗancan biyun cike suke da raha da abubuwan al'ajabi. Shi kuwa Ɓalewa sai ya zaɓi ya yi magana a kan bauta.

Labarin a bakin Shaihu Umar yake, babban malami a Rauta, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Maraya ne, uwarsa ta auri Makau, bafaden sarkin Kagara. 'Yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri don hassada, aka kore shi daga gari. Cikin wannan watsewar gida aka sace yaron, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu.

Abin da ban lura da shi ba ina yaro shi ne, Makau ɗin nan da muke tausaya wa, mutumin kirki mai gaskiya, shi ma hari yake zuwa a kamo bayi. Marubucin bai ɓoye ba, bai kuma tsaya yi mana wa'azi a kai ba. Ya nuna yadda ake shirin hari da yadda ake rabon ganima kamar kowace hidimar fada, sannan ya juyo ya sa wannan masifa ta afka wa gidan Makau kansa. Mai karatu ne zai haɗa biyun, kuma idan ya haɗa, jikinsa zai yi sanyi. A tuna fa, Turawa sun ci Kano a 1903, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa. Ashe lokacin da littafin ya fito, waɗanda aka sayar da waɗanda suka saya duk suna raye, suna haɗuwa a kasuwa da masallaci. Ina ganin ƙarfin hali ne matashin malami ya taɓo wannan batu a irin wannan lokaci.

Amma uwar ce ta hana ni sukuni. Mace 'ya, mai 'yanci, wadda ba wanda ya kama ta, ta bar gida da ƙafarta don neman ɗanta. Ta bi labari daga gari zuwa gari, ta amince da waɗanda suka ce za su kai ta inda yake, su kuma suka mai da ita baiwa. Ta ƙetare hamada, ta sha wuya a hannun iyayen giji, har Allah ya haɗa ta da Umar a Tarabulus, lokacin da ƙarfinta ya riga ya ƙare. Ba ta jima ba ta rasu. A nan na rufe littafin na yi shiru, don duk wanda ya taɓa ganin uwa tana cigiyar ɗa ya san ba ƙari a cikin wannan hali. Wasu na cewa littafin ya sassauta wa bauta tunda Umar ya dace da ubangida nagari har ya zama shaihi. Ban yarda ba. Hanya ɗaya uwa da ɗa suka bi, shi ta kai shi ga ilimi, ita ta cinye ta, kuma marubucin da gangan ya jera su gefe da gefe.

Inda nake da ƙorafi shi ne ƙarshen. Bayan rasuwar uwar sai labarin ya kama sauri. Guguwar rairayin da ta binne ayari, da kuɓutar Umar, da isowarsa Rauta, duk an bi ta kansu cikin 'yan shafuka. Na so a bar mu mu ji abin da ke zuciyarsa, don haƙurinsa yakan yi yawa har mutum ya rasa inda yake jin zafi. Akwai kuma wuraren da dace ya yi yawa, ana tsira daga haɗari a daidai gaɓar da ake bukata. Hausar kam ba abin da za a ce, jimloli gajeru ne, ba kwalliya, irin maganar dattijo a zaure.

Bugun da na samu a kasuwa bai yi mini daɗi ba. Takardar shara-shara ce, tawadar wasu shafuka ta koɗe, har sai na matsa kusa da haske. Kafin ku biya, ku buɗe tsakiyar littafin ku duba, ku kuma tabbatar shafukan ƙarshe sun cika.

Wanda ya saba da littattafan soyayya masu babi ɗari a waya, kada ya zo neman zance da kalaman ƙauna, ba su a nan. Wanda kuma yake son dariya, ya fara da Ruwan Bagaja tukuna. Iyaye masu son karanta wa yara da dare, ku fara dubawa ku kaɗai, domin wurin satar yaron yana iya firgita ƙanana. Mai aboki da ba ya jin Hausa, akwai fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967, sannan Adamu Halilu ya mai da labarin fim a 1976. Ni dai na fi so ku fara da littafin kafin fim ɗin, kuma idan kun zo wurin da uwar ta bar gida, ku rage sauri.