Kayan gida ko na kanti: wanne zai riƙe maka bindigar farauta?

Salamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya shekaranjiya, na ga an ba ka amsoshi kala-kala: wani ya ce baƙin mai, wani ya ce man gyaɗa, wani ma ya ce ka zuba shinkafa a akwatin. Tambayarka dai ita ce, kana da bindigar farauta mai baki ɗaya da lasisinta, ga kuma bindigar toka, mai ɗurin albarushi ta baki, ta gidanku da ake fita da ita hawan Sallah. Ka ɗauko mai baki ɗayan bayan damina ka tarar tsatsa ta fara yi mata zane, ka je tambayar kuɗin kayan gogewa na kanti aka faɗa maka abin da ya sa ka juyo. Shin kayan gida za su iya tsaya maka?

Za su iya, amma ba duka ba. Ni ga yadda na raba abin. Duk abin da za ka goga ka jefar, na gida ya wadatar, wani ma ya fi na kanti. Amma abin da zai kwana a jikin bindigar wata da watanni, wato mai da abin naɗewa da wurin ajiya, a nan ne arha take cin mutum.

Kafin komai, karya bindigar ka leƙa da idonka ka ga babu harsashi, ko da kai ka ajiye ta jiya. Ta toka ba ta karyuwa, don haka zura sandar ɗuri a ciki ka yi mata alama lokacin da ka tabbatar babu komai. Duk ranar da alamar ta ƙi kaiwa baki, a ɗure take.

Mu fara da mai sauƙi. Tsumman kanti ƙyallen auduga ne da aka yanka aka sa a leda. Tsohuwar singiletinka ma auduga ce. Wanke ta, yayyanka ta da almakashi, shi ke nan. Rigar ƙwallo ko wani yadi mai roba kuwa ba ya shan mai, sai dai ya yi ta yawo da dattin daga wannan gefe zuwa wancan. Sandar gogewa ta kanti tana da kyau, amma igiya ta riga ta aiki a hannun talaka. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama da bindigar Lee-Enfield, abin da ke cikin ɗan ramin gindin bindigarsu kwalbar mai ce da igiya mai ɗan nauyin tagulla a baki, sai ƙyalle inci 4 da inci 2. Kai ma samu igiya mai ƙwari, ɗaura ɗan nauyin tagulla ko dalma a gefe ɗaya, yi hanci a ɗaya gefen ka saƙala tsumma, ka sako ta daga wajen da ake sa harsashi ka jawo ta baki. Ka ja a miƙe, kada igiyar ta riƙa cin leɓen bakin. Ta toka dai gindinta a toshe yake, igiya ba ta da mafita, sai sanda. Ta itace, ko sandar ɗurinta. Rodi da wayar keke ba su da gurbi a nan.

Tsohon burushin haƙori da burushin kanti, ban ga bambancin da ya kai a biya kuɗi ba. Lungu da saƙo kuma, inda datti ke maƙalewa wajen kunama da maɗaurin baki, ba abin da ya kai tsinken tsire. Itace ne, ba ya karce ƙarfe, ka naɗa masa auduga ya shiga ko'ina. Mutane sukan ɗauki allura ko sukundireba, su bar tabo. Wanda ya fi kowa ɓarna shi ne soson ƙarfe na wanke tukunya. Zai cire tsatsar, ya haɗa da baƙin launin da kamfani ya yi wa ƙarfen, kuma wannan baƙin shi ne rigar bindigar. Haka lemon tsami da ruwan kal suke yi, su bar maka ƙarfe fari tas, ya kwana biyu ya yi ja. Tsatsa mai sauƙi irin wadda ka kwatanta, jiƙa ta da mai ta kwana, da safe ka kankare da guntun tagulla. Tagulla ta fi ƙarfen bindiga laushi, za ta ɗebe tsatsar ta bar baƙin.

Ruwan wanki kuwa, na kanti da ya fi shahara shi ne Hoppe's No. 9, wanda ake yi a Amurka tun 1903, kuma kananzir na daga cikin manyan abubuwan da ke cikinsa. Saboda haka kananzir mai kyau zai wanke maka mai baki ɗaya, ya narkar da tsohon mai da baƙin hayaƙi. Na kanti ya fi shi wajen ɗebe dalma da robar harsashi da ke liƙewa a ciki, amma ga wanda ba ya harbi kullum, tazarar ba ta da yawa. Sharaɗi biyu: ka yi a waje nesa da wuta, kuma ka san inda ka sayo shi, don kowa ya san kananzir ɗin da ake gauraya da fetur da irin abin da yake yi a gidaje. Fetur kansa kada ka soma. Kada kuma kananzir ya taɓa itacen.

Ta toka hukuncinta daban, kuma a nan na gida ya kayar da na kanti warwas. Albarushi idan ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya tashi hayaƙi, yana zama a ciki, kuma wannan tokar gishiri-gishiri ce mai jan laima daga iska. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke narkar da shi. Ruwan zafi da ɗan sabulu, ka yi ta zuga da sanda da tsumma har ruwan ya fito fari, ka ɗauraye da wani ruwan mai zafi sosai don ƙarfen ya bushe da zafinsa, sannan mai. A ranar da aka harba, ba washegari ba. 'Yan bindigar da ke dawowa daga hawa a gajiye su jingine ta su ce sai gobe, su ne kullum a ƙofar maƙeri. Wanda kuma ya zuba man inji a kan tokar da ba a wanke ba, kwalta ya haɗa.

To, batun mai, inda na fi son ka tsaya. Na taɓa yin wautar da ake ba ka shawara. Wata shekara da damina ta kawo kai, na shafe tawa da man gyaɗa har tana sheƙi, na naɗe ta a bargo, na tura ƙarƙashin gado. Da aka yi kaka na jawo ta, kiyashi ne suka fara yi mini maraba. Man ya daskare ya zama kamar ƙaro, yana wani irin warin tsohon ƙuli-ƙuli, kunama ta ƙi motsi, kuma a gefen da ya kwanta ƙasa tsatsa ta zana saƙar bargon ɗaya bayan ɗaya kamar an buga hatimi. Kwana uku ina fama. Man gyaɗa da manja da duk man miya haka suke, iska na taɓa su su yi tsami su yi danƙo.

Man keken ɗinki shi ne abokin hamayyar man kanti na gaskiya. Man ma'adini ne marar nauyi, ba ya danƙo, yana shiga lungu, kuma kowane tela ya san inda ake sayar da shi. Ballistol, wanda aka haɗa wa sojan Jamus a 1904, ya fi shi da abu ɗaya babba: ana iya shafa shi a ƙarfe da itace da fata, yana kuma gauraya da ruwa, abin da ya sa masu bindigar albarushi ke son sa. In ka same shi da sauƙi saya. In ba ka samu ba, man keke bai bar ka a baya ba, sai dai ka riƙa sabunta shi duk wata a damina don yana saurin gudu. Man juye sabo, ragowar cikin galan, yana aiki a maɗauri da inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ya ma fi daɗewa. Baƙin mai da aka juye daga inji kuwa ya riga ya kwashi garin ƙarfe da tsami da ruwa, kada ka kai shi kusa. Man feshin nan WD-40 an yi shi ne a 1953 don korar ruwa daga jikin ƙarfe, kuma aikin da ya iya ke nan. Ruwan sama ya dake ka a daji, fesa shi, goge, sannan ka bi da mai na sosai. Ajiyar dogon lokaci, basilin siriri a jikin ƙarfen ya fi su duka, amma kafin ka sake harbi sai ka goge cikin ƙaf. Ga ta toka, tsofaffin hannu suna narka kitse marar gishiri da kakin zuma, kuma ban ga dalilin canza musu ba.

Ko wanne ka zaɓa, kaɗan. Idan hunturu ya shigo, bindiga mai naso tana kwasar ƙura ta zama kamar an shafa mata yashi. Ka kuma ajiye ta baki ƙasa, don kada man ya gangara ya jiƙa itacen ya laushe shi.

Shinkafa ba ta shan laimar kirki, sai dai ta kira ƙwari da ɓera. Gawayi ya ɗan fi ta, yana kuma kashe wari, amma ga ƙura. 'Yan ƙananan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi da jaka da robar magani, masu ƙwayoyi kamar gishiri, su ne ainihin abin da kanti ke sayarwa a babbar gwangwani. Suna iya shan ruwa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsu. Roƙi mai shagon takalmi ya tara maka. Idan sun ƙoshi, farke su ka zuba ƙwayoyin a faranti ka gasa a zafin kusan digiri 120 na awa biyu, su dawo sabbi. Amma sai a cikin abin da ke rufuwa ruf suke aiki. A buɗaɗɗen ɗaki a watan Agusta, kamar ka ce za ka kwashe tafki da ludayi ne. Kuma ka ɓoye su daga yara.

Wurin ajiya fa? Akwatin ƙarfe na kamfani mai lambobi ya fi komai, ba gardama, kuɗinsa ne matsala. Tsohon firji mutane na yabonsa saboda robar ƙofa, amma robar da ke hana laima shiga ita ke hana ta fita, kuma firjin da ya mutu ba ya rabo da fumfuna. Ga kuma yara da wasan ɓuya. A Amurka sai da aka yi doka a 1956 kan ƙofar firji saboda yaran da suka mutu a ciki. Ni na fi yarda da akwatin ƙarfen 'yan makarantar kwana. Mai baki ɗaya tana rabuwa gida uku, ta shige sarai. Shimfiɗa katako a ƙasa, ɗora akwatin a kan bulo ya bar siminti, sa kwaɗo mai kyau, ɗaure shi da sarƙa a abin da ba ya ɗaukuwa. Ta toka ta yi tsawo, sai mai walda ya yi maka dogon akwati. Sif da bayan ƙofa da ƙarƙashin katifa ba ajiya ba ce, duk yaron gida ya san su. Kada ka naɗe ta a bargo ko fata ko soso, duk laima suke riƙewa. In kana son riga, tsohuwar ƙafar wando ta auduga da ta ɗan sha mai ta isa. Kwaɗon keke mai igiyar waya da aka lulluɓe da roba, ka zura shi ta cikin bututun ka kulle, bindiga ba ta haɗuwa balle ta tashi. Irin wannan kwaɗon ake rabawa kyauta a Amurka tun 1999 don kare yara.

Harsashi ba ya kwana ɗaki ɗaya da bindiga, makullinsa ma daban. Bokitin fenti mai murfi da ƙunshin nan biyu-uku a ciki ya yi. Albarushi kuwa kada ya shiga kwalba ko ƙarfe mai matsewa, kuma nesa da murhu da ɗakin da kwano ke gasawa. Kwafin lasisinka ka sa a leda a cikin akwatin. Ka tuna dokar bindigogi ta 1959 ta raba su: mai baki ɗaya izininta daga Sufeto Janar, ta toka daga Kwamishinan 'yan sandan jiha. Takardar ɗaya ba ta rufe ɗaya.

Wajen gwada saiti ba zan ja ba. Kwali da aka zana wa da'ira da gawayi daidai yake da takardar kanti. Kwalba, dutse, taya da ƙarfe suna dawo da harbi. Safa cike da yashi ko gero ta zama matashin ɗora bindiga. Bayan abin harbin ya zama tudun ƙasa, ka kuma zagaya ka duba babu makiyayi. Tabarau fari na masu walda da gurza ƙarfe ya fi na gayu, musamman ga ta toka mai tartsatsi. Kunne ne kaɗai ba zan yarda da na gida ba. Ƙarar bindigar farauta tana wuce ma'aunin ƙara 150, alhali daga 140 kunne ke fara lalacewa nan take. Auduga kusan ba ta rage komai, toshin soso na masu aikin inji yana rage kusan 30, kuma kuɗinsa bai kai na harsashi ɗaya ba. Ka lura da tsofaffin maharba masu harbi da dama, yawancinsu kunnen hagu suke juya maka baya su kawo na dama.

Yanzu ka wanke taka ka ɗaga ta wajen haske ka leƙa ciki. Idan ja-ja ne kawai ya goge ya bar santsi, ba komai. Idan ka ga ramuka kamar zanzana, ko wani wuri ya kumbura, kada ka sa mata harsashi sai gwanin gyaran bindiga ya duba ta. Ka turo hoton cikin mu gani.