Mean Girls: dariya ce a sama amma cin zalin da ke ciki ba wasa ba ne

Jama'a duk wanda yake ganin cin zali a makaranta sai an daki yaro ko an ƙwace masa kuɗin tara, to ya nemi Mean Girls ya kalla, na 2004 nake nufi ba wanda aka sake yi da waƙe-waƙe a 2024 ba. Fim ɗin barkwanci ne na Amurka, Mark Waters ya ba da umarni, Tina Fey ta rubuta kuma ita ce ta fito a malamar lissafi. Tushen abun daga littafin da Rosalind Wiseman ta rubuta wa iyaye ne a 2002 akan yadda 'yan mata ke haɗa ƙungiya suna ware junansu a sakandare, kuma ina ganin shi yasa ko kina dariya sai kiji wani abu ya tsaya miki a rai, saboda halayen ba ƙirƙirarsu akayi ba.

Labarin Cady ne, Lindsay Lohan kenan, yarinya 'yar shekara 16 da iyayenta masu binciken dabbobi suka raina a Afirka suna koyar da ita a gida, bata taɓa zama a aji ba sai da suka koma jihar Illinois aka sa ta a makaranta. Ranar farko ta ɗauki abincinta ta duba ta duba babu teburin da zai karɓeta, ƙarshe a banɗaki ta zauna ta ci ita kaɗai. Ba wanda ya zageta ba wanda ya taɓata, amma wallahi wurin nan ya fi min duka ciwo.

Sai ga Regina George, shugabar ƙungiyar 'yan matan da ake ji da su a makarantar. Kai Rachel McAdams tayi ƙoƙari a nan, ta girmi Lohan da shekaru amma ko kaɗan baka lura, kuma abun da ya sa take da ban tsoro shine bata cika ɗaga murya ba, da murmushi take yankanki. Akwai inda ta tsayar da wata yarinya ta yaba siket ɗinta har yarinyar tana jin daɗi tana cewa na mamanta ne, tana juya baya Regina tace bata taɓa ganin mummunan siket irinsa ba, nan take Cady ta tuna ai haka ta yaba mata awarwaron hannunta ranar da suka fara haɗuwa. Sannan ga wayar tarko, a kiraki ana janki da hira har ki faɗi wani abu akan ƙawarki alhali tana kan layin tayi shiru tana ji. Teburinsu ma dokoki gareshi, ranar Laraba sai kaya ruwan hoda, ɗaure gashi ta baya sau ɗaya a sati, jins ko wandon motsa jiki sai Juma'a, kika karya ki nemi wani wurin zaman. Abun kamar shirme amma da shi take riƙe ƙawayenta Gretchen da Karen, kullum cikin fargaba suke kar a koresu, musamman Gretchen da duk wulaƙancin da ake mata gara mata ta zauna a cikinsu ana takata da ace tana waje. Ni ita tafi bani tausayi a fim ɗin gaba ɗaya.

Mu da mukayi makarantar kwana mun san cin zalin seniyoyi, ɗebo ruwa, wanki, tsallen kwaɗo, wannan ko ba komai kina da abun nunawa in kin kai ƙara. Amma irin na Regina me zaki ce wa malama? Kice ta yaba kayanki?

Inda fim ɗin ya burgeni sosai shine bai bar Cady a matsayin baiwar Allah da ake zalunta ba. Janis da Damian ne suka fara janta a jiki, Janis kuma tana da tsohon tabo domin Regina ta taɓa yaɗa mata magana tun suna ƙananan aji har ƙawaye suka gujeta, sai ta tura Cady ta shiga cikin su Regina ta dinga kawo rahoto su rusa Regina daga ciki. A hankali a hankali yarinyar da bata san gulma ba ta ƙware, ta bawa Regina wani abun ci mai sa ƙiba tace mata na rage jiki ne, ta haɗata faɗa da ƙawayenta, ta dinga faɗuwa jarabawar lissafi da gangan duk da ta fi kowa iyawa don kawai Aaron, tsohon saurayin Regina, ya kulata, har ta kai ta rubuta a littafinsu na zagin mutane cewa malamarsu tana sayar da ƙwaya. Ƙazafi fa, akan malamar da ke ta ƙoƙarin taimakonta, har 'yan sanda suka shiga maganar. Ranar da aka kori Regina daga teburinta saboda ta saka wandon da doka ta hana, don shi kaɗai ke shigarta yanzu, banji daɗi ba sam duk da muguntarta, saboda wadda ta hau kujerar bata fita kirki ba.

Shi littafin nan sai da Regina tayi fotokwafinsa ta watsa a barandar makaranta kafin rigima ta ɓarke 'yan mata suka kama dambe. A 2004 kenan. Yanzu sikirinshot ɗaya a guruf ɗin aji ya gama komai, kuma yarinya ko ta koma gida abun yana biye da ita a waya.

To amma akwai inda raina ya ɓaci. Afirka dai Afirka kawai, ko sunan ƙasa ba'a faɗa ba, shekara 12 yarinya tayi a can amma abun da take tunawa dabbobi ne a bakin ruwa, kamar babu gari babu makaranta babu 'yan mata masu irin wannan halin. Sannan maganar kocin makaranta da ke lalata da ɗalibai an maidata abun dariya an wuce, wannan ba abun dariya bane ko a wace ƙasa. Ƙarshen ma yayi sauƙi da yawa, an tara 'yan mata a ɗakin wasanni kowa ta nemi yafiya, mota ta buge Regina, Cady ta amsa laifinta ta kakkarya kambun sarauniyar bikin makaranta da aka bata ta raba, shikenan kowa ya shiryu. Janis kuwa ita ta kitsa komai, ta tsaya gaban jama'a ta faɗi abun da suka yi wa Regina tana alfahari aka ɗagata sama ana mata tafi, ba wanda ya ce mata kema kin cuci mutum. An zalunceta gaskiya ne, amma fim ɗin da ya iya nuna laifin Cady bai kamata ya kau da kai daga nata ba.

Bai kai awa biyu ba, baya gundura, Amanda Seyfried a fim ɗinta na farko ta bani dariya sosai a matsayin Karen. Sai dai iyaye ku sani akwai shigar banza a wurin bikin Halowin da rawar Kirsimeti, akwai shaye-shaye da maganganun da basu dace da ƙananan yara ba, ko a can ma na 'yan shekara 13 zuwa sama aka sa masa. In kina da ƙanwa ko 'ya a babbar sakandare ki fara kallonsa ke kaɗai tukuna, in kinga zai yiwu sai ku zauna tare da rimot a hannunki.